Takardar da Iya Ta Ajiye Cikin Likkafaninta

Salamu alaikum, yarona. Ina gaishe ka, gaisuwa mai yawa. Ina wuninka, in ana wuni a inda kake?

Na san ba za ka ji wannan ba. Ban iya rubutu ba, ko da na iya, wa zan ba ya kai maka? Rakodar babanka ce na ɗauko, wadda muke magana a ciki mu ba direbobin albasa kaset su kai wa dangi Ƙonni. Wannan kaset ɗin kam babu direban da ya san hanya. Amma cikina ya cika, in ban amayar ba zai kashe ni. Na turo ƙofa, na ce wa mutanen gida kaina ke ciwo. Yanzu aka idar da la'asar. Na zo ne in wanke zannuwan ƙanwarka in dama mata kunu, in koma asibiti kafin magariba. Ka ga lokacina kaɗan ne. Ka yi haƙuri in maganar ta zo a hargitse.

Ni ce, Yaya. Haka ka tashi kana kirana, don haka ka ji ƙannen babanka suna kirana. Ba wanda ya gyara maka, ni ma ban gyara ba. Kai ɗan fari ne, ɗan fari kuwa a wajenmu ba na uwarsa ba ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke ɗaga shi ba. Ranar da aka yaye ka, kakarka Iya ta goya ka ta wuce da kai ɗakinta. Ƙofa biyu ce tsakaninmu a gidan hayar nan na unguwar Libarte, amma wallahi kamar Abijan da Ƙonni. In zan aike ka sai in ce kai, ko in ce yaron Iya. Mata suna ta yabona, wai yarinyar nan birni bai ɓata ta ba, kunyarta na nan yadda ta zo da ita. Ni kuma ina jin daɗi. Ka ji fa, ina jin daɗin yabon nan.

Bari in fara da labarin gida, kada in fara da kuka.

Gida na nan yadda ka bar shi. Famfon tsakar gida bai daina ɗiga ba, faɗan layi kuma kowace safiya sai an yi. Maƙwabciyarmu Tanti Awa, Bajular nan mai suyar ayabar aloko, ta matsar da teburinta bakin titi wajen Roksi. Har yau in ta kwashe ayabar farko sai ta ware 'yan yanka uku a gefe, sannan ta tuna, ta miƙa wa duk yaron da ke kusa. Ita ce ma zaune wajen ƙanwarka yanzu. Abokinka Kofi ya shiga lakwal, makarantar boko, ya yi tsawo, in ya hango ni sai ya sake hanya. Marafan kwalbar da kuke ƙwallo da su suna nan cikin gwangwanin madara, ƙarƙashin gadona. Iya ta ce a zubar, na ce na zubar. Babanka yana hanya. Tun da ƙasar nan ta rikice motocin albasa ta Gana suke zagayowa, tafiyar mako guda ta koma uku. Ya yi furfura a gemu. Ba ya ambatonka, amma tun ranar bai sake shigowa da ƙunshin aceke na rogo da kifi ba, don ba mai tarbarsa a bakin ƙofa ya fizge.

Balkisa kuwa, da ka bari tana rarrafe, shekararta huɗu yanzu. Bakinta ya fi rediyo. Da Faransanci take zagina, ta san ba na ji. Tana hawa kan turmi ta riƙe igiyar shanya tana kiran fasinja kamar yaran gbaka, motocin hayar nan, sak yadda kake yi, alhali ba ta taɓa ganinka kana yi ba. Wa ya koya mata?

Kuma tana da ciwonka. Amosanin jini, wanda 'yan Najeriya ke ce wa sikila, a nan su ce direpano. Tun tana shekara ɗaya hannuwanta suka kumbura, na ce shi ke nan, ya dawo.

Ka tuna yadda yake maka? Da ruwan damina ya fara zuba sai ya taso. Yau yana hannu, gobe ya koma baya, jibi ya sauka gwiwa. Ciwo mai yawo. Iya ta ɗora ruwan zafi ta gasa maka da tsumma, ta shafa man kaɗanya, ta ɗaure wajen da ƙyallen zane, a ba ka magani da ruwa mai yawa. Kwana uku, kwana huɗu, sai a gan ka a waje kana tsokanar akuyar mai gida. Mun saba da shi kamar yadda ake sabawa da mugun maƙwabci. Sabon nan ne ya cuce mu.

Na ƙarshen nan ba ya yawo. Ya zauna wuri guda, a ƙwaurinka na hagu, yatsa huɗu ƙasa da gwiwa. Kwana biyar yana nan. Kwana shida yana nan. Zazzaɓi ya sauka da safe, ya dawo da rana ya fi na jiya. Ranar kwana na bakwai Iya ta zagaya bayi, tsakar gida ba kowa, na shiga ɗakinta kamar ɓarauniya. Na kwance ƙyallen na ɗora tafina. Yarona, wajen kamar gefen tukunya. Fatar ta yi sheƙi, ta ɗaure tam. Na taɓa ɗaya ƙafar, sanyi ƙalau. Ka buɗe ido ka kama hannuna ka mayar da shi kan wajen, ka ce mini Yaya, nan ne, wannan ba irin na kullum ba ne. Kai da bakinka ka faɗa. Sai na ji ƙarar butar Iya. Na zare hannuna. Na ce ka gaya wa Iyarka, na fita.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba ke nan. Na sani. Tun ranar nan na sani.

Amma ta yaya zan buɗe baki? Surukata ta haifi tara, ta raini jikoki, ni 'yar yarinya in tsaya gabanta in ce ciwon ɗana na fari ba yadda take gani ba ne? Da me za a kira ni? Mara kunya, mai ido a tsakar ka, wadda ta nuna son ɗan fari a fili. Na ji tsoron bakin mata fiye da yadda na ji tsoron mutuwarka. Ga gaskiyar nan na faɗa, Allah yana ji.

Kada ka ce Iya ba ta yi ƙoƙari ba. Da ta ga abin ya ƙi, ita ta goya ka, ƙatonka da kai, ƙafafunka na dukan cinyoyinta, ta kai ka wani ɗan asibiti a nan Ajame. Ni ban bi ku ba. Uwa ba ta bin ɗan fari asibiti in kakarsa na raye. Aka yi maka hoton ƙashi, wanda suke ce wa radiyo. Iya ta dawo da shi cikin babban ambulan, ta ɗaga wa rana a tsakar gida, mata suka taru. Ƙashi fari tas, ba karaya, ba tabo. Sai ta fito da wata 'yar takarda, ta ce wai likitan ya ce hoton bai isa ba, a ƙetare gada a kai ka babban asibitin Tireshbil a yi wa ƙafar eko.

Eko kuwa duk gidan nan mun san shi. Shi ne abin da ake goga wa mai ciki a mara, a ga jariri a tele. Ni ma an yi mini da cikin Balkisa. Iya ta riƙe haɓa ta ce to, yau ta ga ikon Allah, ƙafar namiji ce ta ɗauki ciki? Wata ta ce a tambayo likita ko mace za ta haifa. Gida ya ɗauki dariya. Kana kwance a kan tabarma bakin ƙofa, kana kallonmu.

Na yi dariyar nan, yarona. Ina tsaye bakin murhu da ludayi a hannu, na yi dariya tare da su, don kada a ga fuskata ta bambanta. Ka gan ni? Na san ka gan ni.

Aka ce tunda hoto ya nuna ƙashi lafiya, mugun jini ne ya taru. Aka kira wanzami ya kafa ƙaho a kan kumburin. Ina ɗaki ina jin ihunka, na cusa bakin zane a bakina. Ba Iya kake kira ba ranar nan. Yaya kake kira. Ban fito ba.

Sauran ka fi ni sani. Kwana goma sha biyu bayan takardar nan babanka ya dawo daga tafiya, ya tarar ba ka gane mutane, kana magana da waɗanda ba ma gani. Ko takalmi bai cire ba ya sungume ka ya tare taksi. Likitoci suka ce ciwon ya bar ƙafa ya shiga jini duka. Kwana ɗaya ka yi a Tireshbil. Ni ina gida ina tankaɗe, don an ce in zauna in kula da Balkisa. Da suka dawo da zanen da aka lulluɓe ka, a naɗe, ba kai a ciki, na ajiye rariya na shiga ɗaki na yi alwala.

Ko a zaman makoki ban yi kuka ba. Ba a yi wa ɗan fari kuka gaban surukai. Ina zuba wa baƙi ruwa, ina amsa gaisuwa, Hausawa na ce mini sai haƙuri, 'yan ƙasa na ce mini yako. Ina jin tsofaffi suna cewa kai, yarinyar nan akwai tawakkali. Sun sake yabona. A kan gawarka ma yabo na samu. A banɗaki nake kukana, in buɗe famfo in yi, in wanke fuska in fito.

Dakata, wani na taɓa ƙofa.

Ba kowa, 'yar mai gida ce ke neman ashana. To, ina muka tsaya? Shekara uku ke nan da wata biyu. Yanzu ga abin da ya sa na ɗauko rakodar nan.

Ranar Juma'ar da ta wuce aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, Balkisa ta fita ta sha wasa a ciki. Asabar ta tashi da ciwon ƙafa. Na ce na kullum ne. Lahadi yana nan. Litinin yana nan, bai matsa ko ina ba. Cinyar dama, sama da gwiwa kaɗan. Talata da safe na ɗora tafina. Wallahi hannuna ne ya tuna kafin kaina. Zafin nan ne, sheƙin nan ne, ɗaurin fatar nan ne. Sai da na zauna a ƙasa.

Na fito na tarar Iya ta riga ta ɗora ruwan gashi, tana yayyaga tsohon zane. Babanka ba ya gari. Na je kabin bakin titi aka kira mini lambarsa sau uku, ba ta shiga. Na dawo na tsaya a tsakar gida, mata na wanke-wanke. Ban san daga ina muryar ta fito ba. Na ce Iya, a sauke ruwan nan, ba za a gasa ba, asibiti zan kai ta, Tireshbil, yanzu. Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa ɗaga ido na kalli tsakiyar idonta ba sai ranar. Na shiga na goya Balkisa, na leƙa na kira Tanti Awa don ta yi mini tafinta, ta rufe kaskonta da faranti ta biyo ni ko zane ba ta sake ba.

Mun kai bakin ƙofar gida sai na ji ana ja mini gyale. Iya ce. Na ɗauka tsine mini za ta yi. Ashe ɗakinta ta shiga, ta buɗe akwatin nan na ƙarfe da ba ta bari kowa ya taɓa, inda take ajiye likkafaninta da ta zo da shi daga Makka. Wani abu ta ciro daga cikin ƙunshin, a naɗe cikin leda. Ta kama hannuna ta danƙa mini, ta rufe yatsuna a kai. Ta juya ta koma ta sauke tukunyar.

A cikin gbaka na buɗe. Takardarka ce. Ta eko. Ta yi ja, ta kusa rabewa a wajen ninki. Shekara uku tana kwance cikin likkafanin tsohuwar nan. Da ita take nufin a binne ta? Ashe ba ni kaɗai nake buɗe famfo ba. Ashe ƙofa biyu tsakaninmu, kowace na ɗauke da kai, kowace na ɓoye wa 'yar'uwarta.

Da muka hau gada na ga ruwan nan shimfiɗe hagu da dama, na ce nan aka bi da kai. Ɗan wannan ne nisan? Ko shinkafa aka ɗora ba za ta nuna ba kafin a ƙetare.

Likitar mace ce, 'yar siririya mai tabarau. Ta danna wajen, Balkisa ta yi ƙara ta zage ta, likitar ta yi murmushi. Ta sa aka yi hoton ƙashi. Aka kawo, ta ɗaga wa fitila. Fari tas, kamar naka. Na ce a raina to, za su ce mu koma gida. Sai ta yi magana, Tanti Awa na juya mini. Wai hoton ƙashi ba ya ganin wannan ciwon da wuri, sai ya kwana biyu yana cin ƙashin sannan ya bayyana. Wai a jikin masu amosanin jini, ciwon da suka saba da ciwon da ƙwayar cuta ke shiga ƙashi kamarsu ɗaya da farko, zafi, kumburi, zazzaɓi, har su likitoci yana rikita su. Na farko ruwa da maganin zafi yake so, ya wuce. Na biyu in aka bar shi, ba ya barin yaro. Ta ɗauki biro ta rubuta takardar eko.

Ɗakin ba haske sosai, ga sanyi. Aka kwantar da Balkisa, aka matsa mata wani abu mai yauƙi kamar miyar kuɓewa a cinya. Ta ce sanyi, ta ce a ba ta ta lasa. Likitar ta ɗauki abin gogawar, kamar ƙaramin dutsen guga, irin dai wanda aka goga mini a mara. Ta fara da ƙafar mai lafiya. Ta kira ni kusa da tele ta nuna mini da yatsa. Wani farin layi, miƙaƙƙe, ta ce wannan ƙashi ne, naman kuma ga shi kwance a kansa luf, ba komai tsakani. Sannan ta koma ƙafar mai ciwo. Ni da ban san alif ba, ba sai an gaya mini ba. Farin layin yana nan, amma a kansa ga wani baƙi ya kwanta, dogo, mai tudu a tsakiya kamar ƙwayar mangwaro. Ta ce ƙashi yana da 'yar fatarsa siririya da ke manne da shi, to ruwa ne ya taru a ƙarƙashi ya ɗaga ta.

Na tsaya ina kallon baƙin nan. Ba cinyar Balkisa nake gani ba. Ƙwaurinka nake gani. Abin da tafina ya ji shekara uku da suka wuce, ga shi a fili, kowa na iya gani. Ashe yana da kama. Ashe akwai abin da ke nuna shi, kuma muna da takardar zuwa a hannu, muka tsaya muna dariya.

Ta ce baƙin kaɗai bai gama faɗin gaskiya ba, don wani lokaci jini ne ko ruwa kawai na ciwon da aka saba. Sai an zuƙo an gani. Aka kashe wajen da allura, aka ce in riƙe kan yarinyar. Na rungume ta, na sa bakina a kunnenta ina kiran sunanta, Balkisa, Balkisa, uwata, ina nan. Gaban mutane, da ƙarfi. Ina kallon tele, na ga tsinin allurar ya shigo kamar ɗan farin zare, yana tafiya a hankali har ya shiga cikin baƙin. Likitar ta ja. Abin da ya hau cikin sirinjin ba ja ba ne. Rawaya ne, mai kauri. Mugunya.

Tanti Awa ta ce lahaula. Na kwance ledar na miƙa wa likitar takardarka, na ce a tambaye ta me aka rubuta a nan. Ta karanta, ta ɗauki ta Balkisa ta ajiye su gefe da gefe. Ta ce magana ɗaya ce, ƙafar ce kawai ta bambanta. Ta tambayi ina yaron yake. Tanti Awa ta gaya mata. Na ce a tambaye ta, da mun zo, da ya rayu? Ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi da bakin rigarta. Ta ce rai na Allah ne, ba za ta yi mini ƙarya ba, ba ta sani ba. Amma da an gani. Iyakar abin da ta ce ke nan. Da an gani.

Sun kwantar da ita tun ranar. Suna sa mata magani mai ƙarfi ta jijiya, sun kai mugunyar a duba wace irin ƙwaya ce. Jiya suka sake yin eko, baƙin ya dawo, har ya ɗan ƙaru. Suka ce allura ba za ta iya ba, gobe da safe za su sa ta barci su buɗe wajen su wanke ƙashin. Yau an ƙara mata jini don ta iya ɗaukar aikin. Suka kawo takarda suka ce ina uban yarinya. Na ce yana hanya. Suka ce to uwa ta sa hannu. Na ce ban iya ba. Suka kama babban yatsana suka dangwala a tawada suka danna. Ga shi nan har yanzu shuɗi, na wanke da sabulu bai fita ba.

Yarona, tsoro nake ji. Ban taɓa yanke ko maganar abin da za a dafa ba sai na tambaya, yau ni na ba da 'yata a yanka. An ce masu ciwon nan barcin asibiti yana musu nauyi. In ba ta farka ba fa? Me zan ce wa babanka in ya sauko daga mota? Wancan na yi shiru ya tafi, wannan na yi magana, in ita ma ta tafi, to wace hanya ce ta rage wa uwa? Likitar ta ce mun zo da wuri, ta ce ƙashin bai lalace ba tukuna, tana sa ran yarinyar za ta taka ƙafarta. Ina maimaita maganar nan kamar tasbihi. Da wuri. Da wuri. Amma zuciya ba ta jin Faransanci.

Na san matacce ba ya bayarwa ba ya hanawa, Allah kaɗai ke yi, Allah ya yafe mini in na yi saɓo. Amma in ka hango wata 'yar baƙa mai wushirya tafe gobe, tana ɗingishi da ƙafar dama, tana zagin mutane da Faransanci, ƙanwarka ce. Kada ka yi mata wasa. Kada ka nuna mata marafan kwalba. Ka kore ta, ka ce Yaya na kira.

Ɗazu da na shigo na tarar Iya ta riga ta dama kunun, ta zuba a kwano ta rufe, ta sa gyalenta na fita tana zaune bakin ƙofa. Ta ce da ni za ta. Ta ce a nuna mata telen nan, tana so ta gani da idonta. Ba mu ambace ka ba. Amma da na sunkuya ɗaukar kwanon ta ɗora hannu a kaina, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Saura magana ɗaya, kaset ya kusa ƙarewa, ina ganin zaren ya yi siriri.

Malamai sun ce yaran da suka rasu ƙanana suna tsayawa a ƙofar Aljanna, su ƙi shiga sai da iyayensu. Tun da na ji wannan ban samu sukuni ba. In aka tambaye ka ina uwarka, wa za ka nuna? Iya za ka nuna, kuma ba ka yi laifi ba, ita ta goya ka. Ni in na zo wucewa za ka ce wannan Yaya ce, ta ɗakin can, mai aikena sayen magi. Ko sau ɗaya ban gaya maka ba. Na ɗauka akwai lokaci, na ce in ka girma za ka gane da kanka, yadda kowane ɗan fari ke ganewa.

To ka saurara. Ni na ɗauki cikinka wata tara. Ni na yi naƙudarka kwana biyu a ɗakin nan da nake zaune. Naman da kake tsinta a ƙasan tuwonka ba Iya ke sawa ba. Rigar sallar nan mai jirgi a gaba, da aka ce babanka ya sayo, ni na zaɓe ta a kasuwar Ajame, rumfa bakwai na shiga. Duk ranar da ka yi kuka na ji, ko da na juya baya.

Sunanka kuma, da na ji an raɗa maka ranar suna ina bayan labule, ban taɓa ɗora shi a harshena ba. Ban ma san yadda zai fito ba. Bari in gwada.

Haruna.

Haruna. Haruna, ɗana. Ka ji yadda yake a bakina? Ashe ba nauyi. Ashe ɗan wannan ne.

Ka yafe mini, Haruna. Allah ya kai haske kabarinka, ya sa ƙafar ta daina ciwo. Zan tashi, Iya na jira, kunu zai huce, gada kuma tana cushewa in yamma ta yi. Sai mun haɗu. In ka gan ni, kada ka ce Yaya.

Ni ce Salamatu, ta ɗaki na uku, wadda ta haife ka. Uwarka.